Biskit na Leda da Cutar Ƙin Jan Nama: Abin da Za a Duba Kafin a Ba Yaro

Takardar faɗakarwa ga iyaye mata da masu faɗakar da jama'a a ƙauyuka da unguwanni

Ya ke uwa, da ku masu faɗakarwa maza da mata, wannan darasi ya shafi wani abu ƙarami da ke shiga hannun yaranmu kusan kullum, wato biskit ɗin leda, mai gishiri ko mai zaƙi, wanda ake saye dala biyar ko dala goma wurin mai tebur, a bakin makaranta ko ranar kasuwa. Mafi yawan yara suna cin sa lafiya, ko da yake ba ya tsayawa a matsayin abinci. Amma akwai mutanen da jikinsu ya daina karɓar naman dabbobi masu shayarwa, kuma a wurin wasunsu ɗan kitsen saniyar da aka cuɗa cikin ƙullun biskit ya isa ya tayar da gida da tsakar dare. Uwar da ta hana ɗanta tsire da kilishi takan ɗauka ta gama aikinta, alhali dabbar na iya dawowa ta cikin leda, da wani suna daban, cikin harshen da ba ta karantawa. Wannan takarda za ta koya miki gane waɗannan sunaye.

1. Mece ce wannan cuta?

Likitoci na kiran ta alerjin alfa-gal. Mu a nan za mu kira ta cutar ƙin jan nama. Alfa-gal wani irin sinadari ne dangin sukari da ke cikin nama, kitse, kayan ciki da nonon dabbobin da ke shayar da ƴaƴansu: saniya, tunkiya, akuya, raƙumi, zomo, barewa, gafiya da alade. Babu shi a jikin ɗan Adam. Babu shi kuma a naman kaza, zabo, agwagwa da tantabara, haka nan kifi da ƙwai.

Ba a haihuwar mutum da wannan cuta. Galibi tana biyo bayan cizon kaska ne. Yawun wasu ire-iren kaska na ɗauke da alfa-gal, idan ya shiga ta fata sai garkuwar jikin wasu mutane ta ɗauke shi a matsayin maƙiyi. Daga nan duk lokacin da mutumin ya ci abin da ke ɗauke da sinadarin, jikinsa na iya tayar da faɗa. Shi ya sa wanda ya shekara goma ko arba'in yana cin nama lafiya zai iya wayar gari nama ya zame masa ciwo. Dahuwa ko suya ba sa kashe sinadarin, balle shanya.

A shekarar 2009 ne masu bincike a Jami'ar Bajiniya ta Amurka da wasu likitoci a Ostareliya suka wallafa bayanan farko game da cutar. Daga baya an same ta a Turai da Japan, an kuma same ta da yawa a ƙauyukan lardin Gabashin Kef na Afirka ta Kudu, cikinsu har da yara. A 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce an sami fiye da mutum 110,000 da ake zaton suna da ita tsakanin 2010 da 2022. Ba kowane cizon kaska ke jawo ta ba, kuma akasarin waɗanda kaska ta ciza ba sa samun ta. Sai dai mu mutane ne da ke kwana da tashi da dabbobi, yaranmu na kiwo, suna yankan ciyawa, don haka ya kamata mu san ta.

2. Alamominta, da abin da ke sa a kasa gane ta

Alamomin sun haɗa da borin jini mai tsananin ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko fatar ido ko fuska, murɗar ciki, amai da zawo. Wasu ciwon ciki kaɗai suke ji, fatarsu ba ta nuna komai. Idan abin ya yi tsanani, maƙogwaro na kumbura, numfashi ya sarƙe, jiri ya ɗebi mutum har ya suma. Wannan mataki na iya kisa.

Abin da ya bambanta ta da sauran ire-iren rashin jituwa da abinci shi ne jinkiri. Wanda jikinsa ba ya son gyaɗa yakan ga alama cikin ƴan mintoci. Mai ƙin jan nama kuwa sai bayan awa 2 zuwa 6. Masana na danganta jinkirin da kitse, domin sinadarin na maƙale da shi, kitse kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya narke ya shiga jini. A ɗauka yarinya ta ci abin da la'asar, ta yi wasanta, ta ci tuwon dare, ta kwanta. Can wajen ƙarfe goma sai ta farka tana susa, fuska a kumbure. Mutanen gida za su zargi sauro, ko tuwon dare, ko iska. Da wuya wani ya tuna da ledar da aka yar tun kafin magariba.

Abu na biyu mai ruɗarwa shi ne ba kullum take tashi ba. Yau a ci a kwana lafiya, jibi a ci a kwana a asibiti. Yawan kitsen da aka ci, da cin kayan ciki irin su ƙoda, da aikin ƙarfi ko guje-guje bayan cin abinci, duk suna ƙara mata ƙarfi. Don haka lokacin layya lokaci ne na sa ido ƙwarai.

Gargaɗi: kada uwa ta yanke wa ɗanta wannan hukunci da kanta. Idan mutum uku ko huɗu suka ci nama ɗaya duk cikinsu ya ɓaci, wannan ya fi kama da lalataccen nama. Ma'aikacin lafiya ne ke tantancewa, ta hanyar sauraron tarihin abin da kuma gwajin jini inda ake yin sa. Hana yaro nama da nono ba bisa dalili ba hanya ce ta jawo masa ƙarancin jini da tamowa.

3. Ta ina dabba ke shiga biskit?

Asalin biskit mai gishiri garin alkama ne da mai da gishiri da yis ko sinadarin tashin ƙullu. Tambayar farko ita ce: wane mai? Kamfanoni da yawa na amfani da man ja da aka tace ko wani man tsiro, wannan ba shi da alfa-gal. Wasu kuwa suna sa kitsen dabba ko man shanu don biskit ya yi garas-garas. Ƙofa ta biyu ita ce madara: garin madara, ruwan tsatsar cuku da cuku kansa. Ta uku ita ce garin ɗanɗano da ake barbaɗawa a kai, mai ƙamshin nama ko tsire ko gasasshen abu. Ta huɗu ita ce abin da ake cusawa tsakanin biskit biyu, ko farar alewa mai taushi da ake shafawa, wadda sau da yawa ake ɗaure ta da jelatin. Shi jelatin daga fata da ƙasusuwan shanu ko alade ake samo mafi yawansa, kamar yadda romon ganda ke daskarewa idan ya huce.

Dukan masu cutar dole su bar jan nama da kitsensa. Game da nono kuwa, mafi yawansu suna shan sa lafiya, kaɗan ne yake tayar wa. Likita ne zai faɗa miki ɓangaren da ɗanki yake.

4. Yadda ake duba leda

Na ɗaya: juya ledar. Gabanta talla ce, gaskiya tana baya. Nemi inda aka rubuta Ingrédients da Faransanci, ko Ingredients da Ingilishi, ko المكونات da Larabci. Wani lokaci rubutun na ɓoye ƙarƙashin ninkin leda, sai an ɗaga.

Na biyu: karanta jerin daga farko har ƙarshe. Ƙa'ida ita ce a fara da abin da ya fi yawa a ƙare da mafi ƙanƙanta, saboda haka jelatin da garin ɗanɗano can ƙarshe suke zama, daidai inda ido ya gaji.

Na uku: tsaya a kan kowace kalmar mai. Shin an faɗi daga ina man ya fito?

Na huɗu: idan babu jerin, ko rubutun ya goge, ko babu wanda ya iya karanta harshen, a bar biskit ɗin. Abin da ba a karanta ba, ba a ba mai cutar.

Na biyar: a sake karantawa duk ranar da aka saya. Kamfani na canza mai idan farashi ya canza, kuma biskit mai suna ɗaya na iya fitowa daga ƙasashe daban da haɗi daban. A duba ranar lalacewa ma a lokaci guda.

Uwar da ba ta karatun boko ba ta fita daga wannan aiki ba. Ta kai ledar wurin mai faɗakarwa, ko ɗan makaranta, ko malamin da ke karanta Larabci, a gwada kalmomin da waɗanda ke ƙasa harafi da harafi.

5. Kalmomin, bisa launi uku

Kin san igiyar awon dantsen yaro mai launi uku. Haka za mu kasa kalmomin.

JA: a mayar da ledar.
• graisse animale, animal fat, دهن حيواني : kitsen dabba
• graisse de bœuf, suif, beef fat, tallow : kitsen saniya ko na tunkiya
• saindoux, lard : kitsen alade
• extrait de viande, extrait de bœuf, meat extract, beef extract : romon nama da aka ƙafar
• gélatine, gelatin, جيلاتين : jelatin, sai fa idan an rubuta cewa na kifi ne

RUWAN ƊORAWA: a dakata, a tambayi ma'aikacin lafiya.
• lait, lait en poudre, milk, milk powder, حليب : madara
• lactosérum, whey : ruwan tsatsar cuku
• beurre, butter, زبدة : man shanu
• fromage, cheese, crème, cream, caséine : cuku da dangoginsa
• matière grasse, shortening, margarine, idan ba a ce na tsiro ba ne
• arôme naturel, natural flavour, musamman a biskit mai ɗanɗanon nama
• E471, E422, E570 : ana yin su daga man tsiro, ana kuma yin su daga kitsen dabba, idan an rubuta origine végétale a gefensu, an huta
• E407, carraghénane : daga ciyawar teku yake, amma yana tayar wa wasu kaɗan daga cikin masu cutar

TSANWA: babu alfa-gal.
• farine de blé, wheat flour : garin alkama
• huile végétale, huile de palme, vegetable oil, palm oil, زيت نباتي : man tsiro
• sucre, sel, levure, sugar, salt, yeast : sukari, gishiri, yis
• E500, E503 : sinadaran tashin ƙullu
• lécithine de soja, E322 : galibi daga waken suya
• œuf, egg : ƙwai

Kalma ja guda ɗaya ta isa ta soke dukan tsanwa da ke jerin. Kuma tsanwar nan ta wannan cuta ce kaɗai. Yaron da jikinsa ba ya son ƙwai ko gyaɗa ko alkama, lissafinsa daban ne.

6. Tarkuna huɗu

Tarkon farko, wanda ya fi kama mutanenmu, shi ne tambarin halal. Tambarin na shaida cewa babu alade, babu giya, kuma dabbar da aka sa an yanka ta bisa shari'a. Bai ce babu dabba ba. Kitsen saniyar da aka yanka da sunan Allah halal ne, jelatin ɗinta ma haka, kuma alfa-gal na cikinsu daram. Halal amsa ce ga tambayar addini. Tambayar ciwon ɗanki tana cikin jerin kayan haɗi.

Tarko na biyu shi ne layin gargaɗi, inda ake rubuta Contient ko Contains, ko ake kaurara wasu kalmomi. Wannan layi an yi shi ne domin abubuwan da dokokin abinci suka lissafa, irin su alkama, madara, ƙwai, gyaɗa, waken suya da kifi. Jan nama ba ya cikin lissafin. Saboda haka layin zai nuna miki madara, amma zai yi shiru game da kitsen saniya da jelatin. Kada ki tsaya a kansa.

Tarko na uku suna ne da hoto. Biskit mai hoton kaza na iya ɗauke da madara ko kitsen saniya cikin garin ɗanɗanonsa. Wanda aka rubuta wa cream cracker kuma ba lalle ne akwai madara a ciki ba, wasu man tsiro ne zalla. A kayan da suka fito daga Indiya za ki ga ɗigon tsanwa cikin ɗan murabba'i: yana nufin babu nama, amma madara na iya kasancewa. Haka kalmar végétarien take. Kalmar vegan ko végétalien ce ke nufin ba a sa komai na dabba ba, har nono.

Tarko na huɗu shi ne sayen ɗai-ɗai. Mai tebur na farke babban kwali ya sayar da ƙananan ledoji, wasu ba rubutu a jikinsu, wasu ma a kwance cikin roba. Roƙe shi ya nuna miki kwalin da suka fito. Idan ya yar, nemi wani abin daban. Haka batun yake ga cincin da fanke da biredin kanti: a tambayi mai yi wane mai ta sa, da kuma ko an soya nama cikin man.

7. Nonon uwa da abincin maganin tamowa

Jikin mace ba ya yin alfa-gal. A ci gaba da shayarwa: nono zalla har wata 6, sannan a haɗa da abinci har shekara 2 ko fiye.

Kunshin maganin tamowa mai gyaɗa da ake bayarwa a cibiyar lafiya, wanda mata da yawa ke kira biskit shi ma, ba biskit ɗin kasuwa ba ne, magani ne. Akwai garin madarar shanu a cikinsa, tare da gyaɗa, sukari, man tsiro da sinadaran gina jiki. Madarar da ake ba yaran da aka kwantar a asibiti ita ma haka. Idan ɗanki na da cutar ƙin jan nama, ko kina zato, ki faɗa tun ranar da aka rubuta sunansa. Kada ki tsayar da maganin da ra'ayinki, domin tamowa mai tsanani haɗari ce tabbatacciya, kuma mafi yawan masu cutar na jure madara. Idan kin ga bori ko kumburi bayan ya ci, ki dakata, ki koma cibiya a ranar da kunshin a hannunki.

A sanar da ma'aikacin lafiya kuma kafin kowace allura ko magani. Bawon wasu ƙwayoyin magani jelatin ne, maganin dafin maciji kuma daga jinin doki ko tunkiya ake yin sa. Wannan ba dalilin ƙin magani ba ne, dalili ne na a ba da shi cikin shiri da lura.

8. Me za a ba yaro a madadi?

Wanda ya bar jan nama bai rasa abin gina jiki ba. Akwai ƙwai, kaza, zabo, kifi ɗanye ko busasshe, wake, awara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, riɗi da ganyen zogale. Hantar kaza na da amfani ƙwarai wajen ƙara jini. Na marmari kuwa, dafaffen ƙwai guda, ƙosai da aka soya da man gyaɗa mai tsabta, dafaffen dankali, dabino ko mangwaro sun fi biskit amfani nesa ba kusa ba. Ga ƙananan yara a niƙa gyaɗa, kada a ba su ƙwaya don gudun shaƙewa. A gida a ware wa yaron miyarsa tun kafin a zuba nama, domin tsame tsoka daga tukunya ba ya tsame romo da kitse. A duba ɗunƙulen miya na kanti kamar yadda ake duba biskit.

9. Idan abin ya tashi

Kumburin harshe ko maƙogwaro, shaƙewar murya, wahalar numfashi, amai a kai a kai, jiri ko suma: kowanne daga cikinsu na nufin a tafi cibiyar lafiya nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a jira gari ya waye. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa; idan numfashi ke ba shi wuya a bar shi zaune; idan yana amai a juya shi gefe. Kada a sa shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi. Maganin wannan hali allurar adiranalin ce a cinya. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi na kwantar da bori ne kawai, ba ta buɗe maƙogwaro. Kada a ɗura masa nono ko man shanu kamar yadda aka saba yi wa wanda ake zaton ya ci guba, don a nan ƙara wa wuta mai ne. A tafi da ledar abin da ya ci.

Sabon cizon kaska na ƙara wa cutar ƙarfi, wanda ya kauce wa cizo kuwa tasa na iya yin sauƙi da wucewar shekaru. A duba yaro idan ya dawo daga kiwo: kai, bayan kunne, hammata da matsematsi. A kama kaska da hantsaki dab da fata a ja a hankali, ba a matse cikinta, ba a zuba mata kananzir, ba a ƙona ta. A wanke wurin da sabulu. Ko an daɗe ba a ga alama ba, ba a gwada ba shi nama a gida sai da izinin likita.

10. Aikinku, masu faɗakarwa

Idan uwa ta kawo muku labarin yaro mai farkawa da bori cikin dare, ku tambaye ta abin da ya ci tun daga azahar, har da na hanya da na maƙwabta, da kuma ko kaska ta taɓa cizonsa. Ku rubuta rana, abincin, lokacin ci da lokacin da alama ta fito, ku tura ta cibiyar lafiya da takardar. Tantance cuta ba naku ba ne. Naku shi ne lura, rubutawa da turawa.

Gidan da aka tabbatar da cutar, ku taimaka a zaɓi biskit iri ɗaya ko biyu da suka fita tsanwa, a ajiye ledarsu don gwadawa. Ku yi magana da uba da kaka da ƴan uwan yaron da malaminsa, domin sau da yawa mai ba shi biskit ɗin mai ƙaunarsa ne. Yaron da ya kai shekarun makaranta a koya masa cewa: "Na gode, sai na nuna wa inna."

A taron mata na gaba, kowace ta zo da ledar biskit guda da aka ci a gidanta. Ku juya su tare, ku nemo jerin, ku kasa su ja, ruwan ɗorawa da tsanwa, sannan ku tattauna waɗannan tambayoyi: Wace leda ce ke da tambarin halal amma ta faɗa cikin ja? Wace ce ba ta da jeri ko kaɗan? Da kuɗin ledar nan, me za a iya saya wa yaro a kasuwar garinmu da ya fi ta gina jiki?

Allah Ya raya mana yaranmu cikin ƙoshin lafiya, amin.